Gwangwani Ɗaya a Shafe

Sunanta na gaskiya ya ɓace ne a kicin ɗin makarantar kwana, inda ta ƙarar da ƙuruciyarta a bakin tukwanen da mutum zai iya wanka a ciki. Yara su yi layi da kwanoninsu, mai rabo ta zuba ludayi ɗaya kamar yadda aka tsara, sai ka ji murya daga cikin hayaƙi: “Ƙara masa! Ba ki ga wuyansa ba ne? Ƙara masa!” Ko yaron da ya fi kowa kumatu ne, in dai ya ɗan langaɓe kai, ƙara masa za a yi. Shugabannin makarantar sun zo sun wuce, kowanne ya kira ta ofis ya yi mata faɗa wai shinkafa ba ta kaiwa ƙarshen wata. Ta ce to, ta fito, ta koma bakin tukunya ta ce a ƙara masa. Har ta yi ritaya Inna Ƙara-masa ake kiranta. Yau in ka ga wani ƙato mai tumbi ya tsayar da mota ya durƙusa yana gaishe ta a titi, kada ka tambaya, ɗaya ne daga cikin waɗanda aka ƙara wa.

Ba haka kawai ta zama haka ba. Ita ce babba a ɗakinsu, ga ƙanne rututu, a gidan da ake kankare tukunya har maƙwabta su ji. Tun tana 'yar mitsitsiya ta san yadda idon mai yunwa yake bin hannun mai rabo, kuma ba abin da ta tsana a duniya irin wannan kallon. Shi ya sa duk abin da ya shigo gidanta da rai, ƙiba ce makomarsa. Kyanwarta, ɓeraye ta gabanta suke wucewa, sai dai ta raka su da ido ta yi hamma. Mijinta kuwa, lokacin da ta aure shi siriri ne kamar hannun agogo. Kafin autarsu ta shiga makaranta sai da kafinta ya faɗaɗa masa ƙofar rumfa.

Mai Agogo ke nan. Gyaran agogo ne sana'arsa, a wata 'yar rumfa mai gilashi a bakin tasha. Ya manna ɗan madubinsa a ido ɗaya, ya karkata kai, ya wuni yana leƙen hanjin agogon mutane. Da wayar hannu ta zo kowa ya daina ɗaura agogo, sai bawan Allah ya samu lokaci fiye da na duk agogunan da ke rataye a rumfar. A wannan zaman ne tunanin kaji ya shige shi, bai kuma sake fita ba.

“Kin ga fararen nan na gidan gona,” yakan ce mata, baki cike, don duk manyan maganganunsa a kan kwano yake yin su, “kafin wata biyu sun cika tukunya. Amma ki yi atishawa kusa da su, sai gawa. Namu na gida kuwa, ko mota ta taka su tashi za su yi su karkaɗe jiki, sai dai ki shekara kina kiwo, ki yanka, ki tarar ba komai sai ƙashi da taurin kai. To me zai hana a haɗa irin? Uwa fara, uba na gida. 'Ya'yan su ɗauko naman uwa, su ɗauko ƙarfin uba.”

“In kuma suka ɗauko naman uba da ƙarfin uwa fa, Malam?”

“Ke dai ba kya yi wa ilimi fatan alheri. Ɗan ƙara mini miya.”

Uban da ya tanada don wannan gagarumin aiki wani jan zakara ne, dogo, busasshe, mai tafiyar isa. Annobar kaji ta sha share unguwar kaf ta bar shi tsaye a kan katanga yana kallon jama'a. Aibinsa ɗaya ne, bai san lokaci ba. Zakarun duniya suna cara da asuba, shi sai rana ta take, ko mutane sun kishingiɗa bayan cin abinci, sannan ya buɗe maƙogwaro. Zakaran mai gyaran agogo fa! 'Yan unguwa suka raɗa masa Ƙarfe-nawa. Mai Agogo ya ce hassada ce kawai, zakaransa lokacin wata ƙasar yake bi.

Sau biyu yana sayo fararen 'yan tsaki don su girma su zama matan Ƙarfe-nawa, sau biyun duk ya manta gidan wa ya kawo su. Yana fita rumfa Inna za ta cika musu faranti. Su cinye, su dube ta, ta ƙara. Kafin su kai ga yin ƙwai ƙafafunsu sun gaza ɗaukarsu, sai wuƙa. Ya yi ta mita wai ta kashe masa bincike, ita kuma ta tambaye shi wa ya cinye cinyoyin.

Ana haka ciwon sukari da hawan jini suka yi masa sallama tare. Auta, wadda a lokacin ta zama nas, ta zo da wani ɗan ƙaramin kwano ta dire a gaban uwarta. Ta ce iyakar abincin Baba ke nan. Ba sukari a shayi, ba kitse, gishiri kuwa a nuna wa miya shi daga nesa. Inna ta ce to, irin to ɗin da shugabannin makaranta suka sani. Tsakani da Allah ta yi ƙoƙari na 'yan kwanaki. Amma mutumin nan ya san makaminsa. Ya suɗe ɗan kwanon tas, ya karkata kai, ya dube ta da ido ɗaya kamar yana leƙen agogo, ya ce, “Haba uwar Auta. Ɗan kaɗan. Wa zai gaya mata?” Sai ludayin ya tafi da kansa.

Wata rana da yamma ya ci ya ƙoshi, ya ce miyar ta yi daɗi, ya jingina a kujerarsa ta tsakar gida. Bai sake tashi ba.

Ta yi kuka har muryarta ta dishe, tana cewa ita ta kashe shi da hannunta. Masu zuwa gaisuwa suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare, ba wanda maganarsa ta shiga kunnenta. Sai Auta ce ta kama hannuwanta biyu ta ce, “Inna, ki daina faɗin haka. Ke ba ki iya hana mai jin yunwa ba. Ba ƙi kika yi ba, ba ki iya ba ne. Haka Allah ya yi ki.” Wannan maganar ta riƙe gam. Da ita take kwana, da ita take tashi, kuma da ita ta samu ta koma cin abinci.

Rumfar aka sayar wa mai cajin waya. Agogunan da aka kwaso suka yi ta tsayawa ɗaya bayan ɗaya a cikin kwali. Abin da ya rage na Mai Agogo mai motsi a gidan nan shi ne Ƙarfe-nawa, shi ma tsufa ya fara taɓa shi. Zankonsa ya kwanta gefe, katangar da yake hawa da tsalle ɗaya yanzu sai ya bi ta kan bokiti.

“Inna, a yanka shi tun yana da sauran amfani,” in ji Auta.

“A yanka wa? Wannan ko wuni aka yi ana dafa shi, sai dai tukunyar ta nuna.”

Wasa ta mayar da maganar, amma a ranta ta riga ta yi rantsuwa. Kafin zakaran nan ya mutu sai ta ga 'ya'yansa daga farar kaza. Abin da ta hana mutumin gani da ransa, za ta yi masa shi ko ba ya nan.

Ta yafa mayafi ta nufi shagon mai dusa, mai sayar da abincin kaji da 'yan tsaki a bayan kasuwa. Ƙato ne da ya cika bayan kanta shi kaɗai, kuma tsohon ɗan makarantarta ne. Da ta gaya masa abin da ya kawo ta, sai da ya dafa buhu don dariya.

“Ke, Inna? Ke da kanki?”

“Rufe mini baki, ɗan nan. Gaya mini yadda ake yi.”

Ya share hawaye ya ce, “Inna, kajin nan ba a yi su don su daɗe ba. Ba su san ƙoshi ba, wurin nan babu shi a jikinsu. In kika bar musu abinci, ci za su yi har zuciyarsu ta tsaya. In kina so kaza ta kai wata shida ta yi ƙwai, sai kin bar ta da yunwa. Da sun ɗan tasa ki fara auna musu kaɗan-kaɗan. In sun girma, ga gwangwanin madara, ɗaya a rana kowace kaza. A shafe, Inna, ba a tule ba. Sauran ki jefa musu ganye. Abinci a wannan kusurwar, ruwa a can ƙarshen gida, dole su taka.”

“A shafe? Da a shafe na riƙa zuba maka, da ka kai wannan girman?”

“Ai shi ya sa nake gaya miki. Dube ni mana. Daga nan zuwa bakin titi sai na huta.”

Ta sayi mata guda biyar ta kawo gida a kwali, da gwangwaninta a jaka, da kyakkyawar niyya. Niyyar ba ta daɗe ba. Da farko gwangwanin ya yi ɗan tozo. Daga baya ta yanke wa kanta hukunci cewa ragowar shinkafa ba dusa ba ce, don haka ba ta cikin lissafi. Ɓawon burodi kuwa ai ba abinci ba ne, share faranti ne. Kajin suka yi ta buɗewa kamar ana hura su. Ɗaya ta zauna ta kasa tashi. Ta biyu ta bi ta. Wata aka tsince ta a rigingine, ƙafafu sama, da ƙwayar shinkafa a baki. Kafin Inna ta ankara saura ɗaya, ita ma lalaci ne ya cece ta: kafin ta ja jiki ta iso faranti 'yan uwanta sun yi rabi. Fara ce, mai faɗi, kullum a shimfiɗe, don haka sunanta Katifa.

A cikin satin nan Ƙarfe-nawa ya zamo daga katanga ya tashi da ɗingishi. Mai dusa ya zo ya duba shi, ya dubi Katifa, wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce, “Inna, dattijon nan ba zai jira wasu sababbi su girma ba. Ko wannan, ko babu.”

Ranar ta ɗaure bakin buhun dusa, ta jefa shi sito, ta datse da kwaɗo, ta miƙa wa maƙwabciyarta matar tela makullin ta kan katanga. “Kullum da safe ki zo ki auna da hannunki. Ko na yi miki kuka, kada ki ba ni.” Matar tela, wadda ba abin da take so irin a ba ta iko a gidan wani, ta ƙulle makullin a haɓar zaninta tun Inna ba ta rufe baki ba.

Daga nan aka shiga yaƙi. Wanda bai taɓa zama gida ɗaya da farar kaza mai yunwa ba bai san naci ba. Katifa takan share gwangwaninta kafin matar tela ta mayar da kwaɗo, sannan ta juyo kan Inna. Ta bi ta kicin, ta bi ta bakin famfo, ta tsaya mata a ƙofar banɗaki tana wani siririn kuka mai shiga har ƙashi. Ta ci bakin tsintsiya. Ta ci sabulu ta wuni tana kumfa. Ta tsinke maɓallan rigar Auta a cikin bahon wanki. Kyanwar nan da ba ta taɓa gudu ba tun da aka haife ta, ranar da Katifa ta ɗanɗana mata wutsiya sai ga ta a kan rufin kicin.

Inna ta cusa auduga a kunne, ta ƙure rediyo. Cin abinci a gaban kazar ya gagare ta, sai ta koma ci a ɗaki, ƙofa a rufe, labule a sake, kamar ɓarauniya a gidanta. Ko a haka lomar ba ta wucewa da daɗi. Ta rame har zobenta ya fara juyawa. Auta ta zo ta auna jininta, ta sake aunawa, ta ce rabon da ta ga ya yi kyau haka an daɗe. “Inna, me kike sha ne?”

“Baƙin ciki.”

Safe da yamma kuma akwai atisaye. Ta ɗauki tsintsiya ta tasa Katifa a gaba suna zagaya tsakar gida. “Tashi, uwar son jiki! Taka! Wa ya ce ki zauna?” Kazar na haki, tsohuwa na haki. Labari ya zaga unguwa cewa tun rasuwar mijin kan Inna Ƙara-masa ya ɗan taɓu, yanzu kaza take koya wa tsere.

Kada ka ɗauka ba ta karaya ba. Ta sha zuwa bakin katanga ta sassauta murya. “Ke 'yar nan, ɗan miƙo mini makullin, wani abu zan ɗauko.”

“Inna, kin ce ko kin yi kuka.”

“To kuka kika ga ina yi? Magana nake miki ta hankali.”

“Gobe da safe, Inna,” in ji matar tela, ta koma ɗaki tana rangaji. Inna ta raka ta da zagin da ba zai maimaitu ba.

Sai dai makulli ya rufe sito ne, bai rufe tukunyarta ba. Wata rana da tsakar rana ta sauke shinkafa, ta manta ba ta janyo ƙofar kicin ba. Katifa ta shigo. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ƙoto ba. Ta tsaya a gabanta, ta karkata kai, ta dube ta da ido ɗaya. Kowace kaza haka take kallo, Inna ta san wannan, shekara nawa tana kiwon kaji. Amma yau kallon Mai Agogo ta gani. Ludayin ya riga ya cika, hannun ya riga ya fara sauka, kuma wallahi sai da ta ji muryar a kunnenta: ɗan kaɗan, wa zai gaya mata?

A daidai lokacin Ƙarfe-nawa ya ga damar yin cara a tsakar gida. Muryar ta dishe, ko rabi bai kai ba ta katse masa.

Hannunta ya tsaya. Ta ce, “A'a.” Kalmar ta fito mata bambarakwai, sai ta sake faɗa da ƙarfi. “Na ce a'a!” Ta juye shinkafar a tukunya, ta rufe, ta ɗora dutse a kan murfin, ta zauna. Can ta jawo ganyen kabeji ta jefa wa Katifa. Kazar ta yi wa ganyen kallon raini, sannan ta cinye.

Daga ranar abin ya yi mata sauƙi, ba ta kuma tsaya ta tambayi kanta dalili ba. Ba a jima ba ta karɓe makullinta, matar tela na ƙunƙuni an tsige ta daga mulki. Ita da kanta take nutsa gwangwani a buhu, ta sa yatsa ta shafe bakin, ko ƙwaya ba ta ƙarawa.

Katifa ta rayu. Ta zama sagara ƙosasshiya mai tsayayyun ƙafafu, zankonta ya yi ja, ta fara kyarkyara tana leƙen lunguna. Saura aikin Ƙarfe-nawa. Shi kam duk ƙara-masan da aka hana Katifa a kansa ya sauka, har da kan kifi da dafaffen ƙwai, amma irin mutanen nan ne da abinci ba ya gane hanyar jikinsu. Ya ga Katifa, ya tuna da ƙuruciya. Ya saki fiffike ɗaya ƙasa ya fara zagaya ta da ɗingishinsa. Kafin ya gama zagayen ya gaji, sai da ya tsaya ya huta. Ya tattara ƙarfi ya yi tsalle ya haye, ya zame ta ɗaya gefen, tim! Katifa ko a jikinta, tana ta neman abin da za ta ci a ƙasa. Ya tashi ya karkaɗe, ya yi cara wai shi ya yi nasara. Matar tela da ke leƙe ta katanga ta yi dariya har ta kusa faɗowa gidan.

Mai dusa ya ba da shawara a rage gashin da ke wajen wutsiyarsu da almakashi, a kuma bari sai da yamma in rana ta yi sanyi. Sauran dabarar Inna ce ta ƙirƙiro. Ta haƙa ɗan rami marar zurfi a gindin dakali, ta riƙa ajiye rabin gwangwanin ranar ta watsa a ciki. Katifa in ta sa kai a abinci ko gidan ne ke cin wuta ba za ta ɗago ba. Ta nutsa ƙirji a ramin, Ƙarfe-nawa ya sauko mata daga kan dakali cikin mutunci. Inna ta ja mayafi ta juya wa bango fuska.

Auta ta shigo ta tarar da su a haka, ta tsaya da jaka a hannu. “Inna! Me nake gani?”

“Abin da ubanki ya bar mini gado. Da shekaruna, da furfurata. Wuce ciki, ba kallon yara ba ne.”

Ƙwai ya zo, manya-manya. Katifa takan saki abinta a inda ya kama ta, ta yi gaba, don irinsu ba su san kwanci ba. Aka aro 'yar baƙar kazar matar tela, wata masifaffiya da ke son kwanci ko a kan dutse ne, aka jera mata ƙwan. Bayan sati Inna ta shiga ɗaki ta rufe taga, ta haska kowanne da tocila kamar yadda mai dusa ya nuna mata. Fanko. Duk fanko, ba ɗa ko ɗaya. Ta fito ta tsaya a kan Ƙarfe-nawa ta ce, “Kai ma haka za ka yi mini? Duk kan kifin nan?” Ya kawar da kai.

Aka koma bakin dakali. Aka sake tara ƙwai, baƙar kaza ta sake hawa tana huci. Wannan karon da tocilar ta haska, sai ga wasu jajayen zare sun bazu a cikin huɗu daga ciki, da ɗan ɗigo baƙi a tsakiya yana motsi. Inna ta mayar da su a hankali kamar za su fashe da numfashinta.

Kwana biyu bayan nan ta tashi da safe ta tarar da Ƙarfe-nawa a ƙarƙashin kujerar Mai Agogo, ya miƙe ƙafafu. Ba ta kira kowa ba. Ta haƙa rami a gindin katangar da yake hawa ta rufe shi. Unguwa ta samu barcin rana a karon farko, sai ga mutanen da suka shekara suna tsine masa suna cewa shirun ya yi yawa. Yanzu ba sauran gyara kuskure. Abin da ke ƙarƙashin baƙar kazar nan shi ke nan, kuma Inna ta riƙa zama a bakin akurkin har kazar ta fara kai mata sara.

Da safiyar da sati uku ya cika, ihun matar tela ne ya fito da ita. “Inna! Inna, sun fasa!” Huɗun duk sun fito. Ƙafafu kauri-kauri, ƙirji da faɗi irin na uwa, ga wani jan zane ya bi ta wuyansu har gadon baya. Aka buga wa Auta waya ta taho daga wurin aiki da farin kayanta. Mai dusa ya iso yana haki, ya ɗora ɗaya a tafin hannu ya jinjina. “Wannan nan da wata uku sai tukunyar makaranta.” Wani ɗan rigima a cikinsu ya faɗa kwanon ruwa, ya fito da kansa, ya karkaɗe jiki ya ci gaba da harkarsa. Matar tela ta ce wannan ubansa ne sak, Allah dai ya sa ya san lokaci.

Auta ta rungume uwarta tana dariya. “Inna, wallahi kin ba ni mamaki. Wata da watanni halittar nan tana bin ki da kuka kina hana ta! Ashe kin iya!”

Maganar ta riga ta fita kafin ta ji abin da ta faɗa. Dariyar ta maƙale mata. Mai dusa ya ajiye ɗan tsakon, ya tuna ya bar shago a buɗe. Kan matar tela ya sauka daga katanga a hankali.

Inna ta juya ta dubi kujerar tsakar gida. Ta ce, “Ashe na iya.”

“Inna, ba haka nake nufi ba.”

“Na sani. Amma na iya, Auta. Ludayin na hannuna, a cike, na ce a'a. Ban mutu ba, ita ma ba ta mutu ba.” Ta dubi tafin hannunta. “Kaza fa. Kaza na yi wa.”

Ta je ta zauna a kujerar, wadda ba ta taɓa zama a kai ba tun ranar, ta kifa fuska a mayafi ta fashe da kuka, kukan da ya fi na ranar rasuwar ciwo. Maganar da take kwana da ita ta tafi, kuma da hannunta ta kore ta. Auta ta durƙusa ta dafa gwiwarta. 'Yan tsakin suna ta tsiu-tsiu a ƙarƙashin baƙar kaza.

Cikin hidimar safiyar ba wanda ya tuna da Katifa. Ta jawo jiki ta zo ta sari Inna a babban yatsa, ta ja da baya, ta karkata kai. Inna ta share fuska, ta tashi ta buɗe sito. Ta nutsa gwangwani a buhu, ya fito a tule. Ta daɗe tsaye tana kallonsa. Sannan ta sa yatsa ta shafe bakin.